Ɗanyen Koko a Gidan Surukai

Kurɓa ɗaya 'Yar Gayu ta yi, ɗaci ya ratsa ta har ƙeya. Ta daure ta yi murmushi. Yau ne zuwanta na farko gaida mahaifiyar saurayinta, kuma ita da bakinta ta ce masa ba ta shan komai sai ɗanyen koko, ba sukari, ba madara. Alhali a waya kawai ta taɓa ganinsa.

"Mama, ai asalinsa daga dazukan Kudancin Amurka ne," ta ce. "Yana gyara zuciya, yana saukar da hawan jini."

"Mu nan gidan ai shi ne ruwan shanmu, 'yata," in ji Mama. "Bari in duba girki."

Mama na fita da kofinta, 'Yar Gayu ta lallaɓa baranda, inda ta hango tukunyar fure. Sai ga Mama a duƙe, tana juye nata a ciki.

Suka dubi juna. Mama ta matsa gefe.

"Zuba a hankali, 'yata. Furen ma hawan jini gare shi."