Naɗi Talatin da Gonar Gado

Sallau, ajiye wayar tagullar nan tukuna. Tun ɗazu nake kallonka kana naɗi kana ƙirgawa da baki, ga mitar awon naɗi can rataye a ƙusa ƙura ta rufe ta. Wallahi abin nan yana ci mini rai. Zauna in ba ka misali.

An yi wani mai gyaran rediyo a wani ƙauye, hannunsa da kyau, amma girman kansa ya fi gwanintarsa. Ubansa ya rasu ya bar musu gona a bakin fadama, shi da ƙannensa mata biyu. Tun yana raye tsohon ya sha gaya musu cewa ranar da aka yanka iyaka, shi da maƙwabcinsa sun binne tsohuwar garmar shanu a kusurwa don shaida. Maƙwabcin ma ya rasu, sai ɗansa ya turo iyaka kunya goma sha biyu cikin gonar, daidai wurin da ruwa yake kwanciya, inda matan nan suke noma albasar da suke riƙe 'ya'yansu da ita. Aka je gaban dagaci. Dagaci ya ce ya ba da kwana bakwai, a fito da garmar, in ba haka ba iyaka ta tsaya inda take yanzu.

Mai gyaran nan ya tafi birni wurin wani dattijo da yake haɗa wa masu neman zinariya na'urar gano ƙarfe. Ya sayi akwatin na'urar, ya ce zoben wayar da ake shafa ƙasa da shi kuwa shi zai naɗa abinsa. Dattijon ya nuna masa nasa: zagaye talatin, faɗinsa taƙi ɗaya. Ya ɗauko takarda ya lissafa faɗin zoben da yawan zagayen da kaurin wayar, sannan ya maƙala mita ya ga lambar ta yi daidai da abin da akwatin yake so. Ya ce, "Ɗana, in ka sauya faɗi, lissafi ya sauya. In ka gama ka kawo in auna maka, ko sisi ba na so." Mutumin naka ya ce to, amma talatin ɗin kaɗai ya ɗauko a kansa.

Da ya dawo gida sai dabara ta zo masa, irin dabarar da take kashe mai ita. Ya ce ai babban zobe ya fi ƙarami jin nisa. Ya kife babbar robar wanki, ya zagaye bakinta da waya sau talatin cif, ya ɗaure da salatif. Haba! Zagaye talatin a taƙi ɗaya da zagaye talatin a bakin roba ai ba abu ɗaya ba ne. Ƙarfin naɗin ya zarce, zobe da akwati suka zama kamar makaɗa biyu kowa da kiɗansa. Ya manna wa zoben gatari, na'urar ta ɗan yi ƙara, shi ke nan baki har kunne. Ƙanwarsa ta ce, "Yaya, ka daure ka kai a auna, saura kwana uku fa." Ya daka mata tsawa, ya ce yana naɗa waya tun ana goyonta.

Ranar ta zo. Dagaci da dattawa da 'yan kallo suka cika gona. Mai gyaran ya tuɓe takalmansa ya ajiye a gindin wata sabara, ya shiga shafa ƙasa tun hantsi har azahar. Na'ura shiru. Zufa ta jiƙa masa riga, mutane suka fara ƙunshe dariya. Da abin ya ishe shi ya haƙa wuri uku da ka, bai samu ko ƙusa ba. Dagaci ya miƙe ya karkaɗe riga, aka shafa fatiha a kan sabuwar iyaka. Matan nan biyu suka tafi gida suna kuka, ba wadda ta ko dube shi.

Sai bayan kaka kunya ta sake shi ya kai zoben birni. Dattijon ya maƙala mita, lamba ta fi ninki biyu. Ya warware zagaye goma, ya sake aunawa, ya miƙa masa. Aikin bai kai shan shayi kofi ɗaya ba.

Mai gyaran ya koma gonar da rana tsaka, ya fara shafawa. Bai yi taku ashirin ba na'urar ta tsala ihu, a gindin sabarar nan, inda ya ajiye takalmansa. Ya haƙa kamu ɗaya, ga garma kwance ta yi tsatsa. Ya ruga ya kira jama'a. Ɗan maƙwabcin ya leƙa ramin ya yi murmushi ya ce, "Yaushe ka binne ta?" Dagaci kuwa ya ce maganar da aka shafa wa fatiha ba ya tayar da ita. Yau ƙannen nan nasa a gonar ubansu suke yi wa wani cirar albasa ana biyansu da la'asar, kuma ko gaisuwar salla ba sa kai masa.

To, tashi ka sauko da mitar nan ka goge ta. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.