Ɗan Takara da Gammon Mai Tukwane

Kai da kake cewa 'yan takara duk hannunsu ɗaya ne, a ɗaga sama, a yi murmushi, a wuce, gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wani mutum da ya fito neman shugabancin ƙaramar hukuma. Mutum ne mai sanyin hali, in zai gaida babba sai ya rusuna, in yana magana idonsa na ƙasa. Masu tafiyar masa da yaƙin neman zaɓe suka ce wannan ba za ta kai su ko'ina ba, jama'a ba sa bin wanda kullum ya yi kama da mai neman gafara. Suka tasa shi gaba suna koya masa yadda zai dunƙule hannu ya ɗaga sama, da yadda zai saɓa babbar riga a kafaɗa kafin ya buɗe baki, da yadda zai nuna can bayan taro da yatsa ya yi dariya kamar ya hango tsohon aboki, ko da bai san kowa ba a wurin. Suka hana shi durƙusawa, har sosa ƙeya suka hana shi. Ya yi wata biyu yana gwadawa gaban madubi har ya iya, har matarsa ta ce in ya shigo gida da wannan tafiyar sai ta ji kamar baƙo ne ya yi sallama.

Saura kwana tara zaɓe, ranar kasuwar wani babban ƙauye, aka tsayar da shi a bayan buɗaɗɗiyar mota. Abokin hamayyarsa ya riga ya zo ya cika kasuwar a makon da ya wuce, don haka mutanensa suka ja masa kunne cewa in ƙauyen nan ya kuɓuce, zaɓen ma ya kuɓuce. Makaɗa suka saki kiɗa, ya saɓa riga, ya dunƙule hannu, jama'a suka ɗaga nasu. Yana tsakiyar jawabi sai idonsa ya faɗa kan wata tsohuwa mai sayar da tukwane a gefen taron. Ta ga turereniya ta matso kan kayanta, ta tattara tukwanen cikin babban kwando ta ɗaure, ta durƙusa tana neman mai ɗora mata. Ta taɓa ƙafar wannan, ta ja rigar wancan, amma duk hannun da ke wurin yana sama. Ta yunƙura da kanta, gammonta ya warware ya faɗi, kwandon ya karkata, wata ƙaramar tukunya ta zame ta fashe.

Ɗan takarar bai san lokacin da hannunsa ya sauko ba. Ko maganar da ya ɗauko bai ƙarasa ba, ya dira daga motar, ya kutsa cikin mutane. Ya durƙusa a ƙasa da farar shaddarsa, ya ɗauki tsumman gammon ya kakkaɓe, ya naɗe shi a hannunsa zagaye uku, ya cusa bakin a ciki, ya danne da tafin hannu. Ya aza mata a ka, ya kama kwandon ta gindi, ya jira ta ja numfashi, sannan suka miƙe tare. Bai saki ba sai da ya ji nauyin ya zauna daidai.

Idon tsohuwar ya yi rauni, ba ta gane ko wane ne ba. Ta kai hannu ta shafa gammon, ta ce, "Ɗan nan, wannan naɗin ba na ɗan koyo ba ne. Gidanku ana ginin tukwane?"

Ya ce, "Mahaifiyata ce, Inna. Shekara goma sha biyu ina ɗora mata kaya. Bara waccan ta rasu."

Ta ce, "Allah ya ji ƙanta. Ta bar baya mai kyau."

Ya shige gaba yana buɗa mata hanya har bakin kasuwa. Da ya dawo ya hau motar, gwiwoyin wandonsa jajur da ƙasa, ya nemi sauran jawabin a kansa ya rasa. Ya so ya dunƙule hannu, hannun ya ƙi. Sai ya dafa ƙirji, ya rusuna, ya yi wa jama'a godiya, ya sauka. Mutanensa suka yi ta faɗa a hanya cewa ya zubar musu da taro. Hotonsa a durƙushe ya bazu a wayoyi, 'yan hamayya na cewa mai neman mulki ya koma ɗan dako. Ranar zaɓe matan ƙauyen suka fito tun da sassafe, layinsu har bayan makaranta, akwatunan ƙauyen kusan duka nasa ne. Duk da haka bai ci ba, sauran mazaɓu sun rinjaye shi da ƙuri'u kaɗan. Amma har yau in ya bi ta kasuwar nan, masu tukwane kan bar ciniki su taso su tare shi, ba sa kiransa da kowane suna sai ɗan maginiya, shi kuma yana amsawa.

Abin da aka ɗora wa hannu da rana tsaka, faɗuwar tukunya ɗaya ta isa ta sauke shi. Wanda ya koya a gaban uwarsa kuwa yana nan daram. Shi ya sa Hausawa ke cewa, hali zanen dutse ne, ba mai iya kankare shi.