Ranar Ƙirga Ɗalibai

Mai walda ya kashe injinsa, ya zaro guntun rodi daga tarkacen bakin shago, ya jinjina shi a hannu.

Ƙananan sakandaren gwamnati biyu ne a garin, ta tudu da ta gangare. Ta tudu ce ke cinye jarrabawa duk shekara, yara har a ƙasa suke zama. Ta gangare kuwa, inda shi ma ya yi karatu, kuma yake shugaban iyayen yara, kullum azuzuwanta ƙara zama kango suke. Hukuma ta ce wadda ɗalibanta suka yi ƙaranci za a rufe ta. Yau jami'ai za su zo ƙirga kawuna.

Jiya ya tsare shugaban makarantarsu, ya ce a faɗa masa munafukan da suka sake cire 'ya'yansu. Malamin ya kau da kai, ya ce dai malaman tudu ne ke bi gida-gida suna hure wa iyaye mata kunne.

Ya leƙa gida ɗaukar hula. 'Yarsa Auta ta fita tun da sassafe kamar yadda ta saba kwanan nan, wai an ƙara musu darasin safe. Uwarta na ganin rodin ta cafke masa riga.

"Baban Auta, don Allah kada ka je. Tsaya ka ji wata magana."

"Tsoro ne dai irin naku. In na dawo kya faɗa."

Ya fizge, ta bugu da ƙyaure. Bai waiga ba.

A mararraba ya tarar da mutanensa, da mahauci, da masu faci, da tsofaffin ɗaliban gangare, kowa da abin hannunsa. Shawarar ita ce a watsa yaran tudu kafin jami'ai su iso, sai a ga abin da za su ƙirga.

Da suka isa makarantar tudu, mai gadi ya yi ƙoƙarin jan ƙofa. Mai walda ya sauke masa rodi a damtse, ƙashin ya ba da sauti, tsohon ya zube. Suka kwarara ciki. Aka fasa wa wani malami baki, aka banka wa baburan malamai wuta. Yara suka dinga dira ta tagogi, suna tattake juna.

Aji ɗaya ne bai watse ba, malamarsu ta kulle shi ta ciki. Mai walda ya ɗauki rabin bulo, ya tattara ƙarfinsa, ya wurga ta taga. Gilas ya tarwatse. Ihun ajin ya ɗauke ɗif.

Can ƙofar ta buɗe. Malamar ta fito rungume da wata yarinya cikin koren kayan makarantar tudu, jini ya rufe mata fuska, hannunta ɗaya na reto.

"A taimaka da mota," in ji malamar.

Mai walda ya tsaya mata a gaba yana haki.

"Nemo ubanta ya kawo motar. Gobe ma ya sake kawo ta nan."

Yarinyar ta motsa. Da ƙyar ta buɗe ido ɗaya, ta dube shi ta cikin jinin.

"Baba," ta ce, "kada ka yi wa Mama faɗa. Ni na roƙe ta ta dawo da ni nan."