Gajerar Bindiga

Sau biyu Ilmari yana wuce ƙofar shagon Rauno mai sayar da bindigogi kamar mai neman wani gida, sai a na uku ya daure ya tura ta. Tsohuwar bindigarsa na rataye a kafaɗa cikin jakarta, doguwa ce har sai da bakinta ya bugi saman ƙofar.

Rauno na zaune bayan kanta, ya yafa rigar sanyi a kafaɗu, ya matse filas ɗin gahawa tsakanin gwiwoyi yana murɗe murfin. Tare suka taso a ƙauyen nan na arewacin Finland, tare suka shiga ƙungiyar maharba. A duk yankin babu wanda ya kai Rauno iya kiran hirwi, ƙaton naman dajin nan mai tsayin raƙumi da ƙaho kamar faifai. In ya kafa baki a ƙahon ɓawon itace ya yi kukan namiji, yana kakkarya rassa, ko uwar da ta haifi hirwi sai ta waiwayo.

"Kai, ashe kana raye?" in ji Rauno. "Na zaci matarka ta kulle ka a ɗakin wankan tururi ta jefar da makullin."

Ilmari bai yi dariya ba. Ya ce gajerar bindiga yake nema, wadda za ta shiga kurmi.

Shekara guda ke nan rabonsa da daji, rabonsa kuma da haɗa ido da Rauno. In ya hango shi a bakin coci sai ya sake hanya. Ranar Asabar za a buɗe farautar bana, kuma shugaban ƙungiya ya faɗa masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye: ba zai koma cikinsu ba sai Rauno ya ce to. Rauno ne kuwa ya tsaya masa a gaban hukuma har aka mayar masa da lasisinsa, abin da ya ƙara masa nauyi maimakon ya rage. Wanda ya yi maka rana, da wane ido za ka sake roƙonsa?

"Ga su can a bango," Rauno ya nuna da haɓa. "Sauko da ta tsakiyar da kanka, ni ba yaronka ba ne."

Ilmari ya sauko da ita. Ba nauyi, gajera kamar taɓarya. Ya kai ta kafaɗa, ta zauna daram. Nan take abin da ya faru a farautar bara ya dawo masa.

Sarƙaƙiya ce irin wadda mutum ba ya ganin ƙafarsa. A wurinsu dokar farko da ake koya wa kowa ita ce, kada ka harbi abin da ba ka ga kai da ƙafafunsa ba. Ilmari ya san wannan fiye da sunansa, shi ke ma koyar da sababbi. Amma shekarun baya duk wasu ke kayarwa, shi sai dai rabon nama, kuma tsiyar da ake masa a bakin wuta ta fara cin ransa. Da ya ji gurnani dab da shi, rassa na karyewa, ya ga wani duhu ya gifta, zumuɗi ya rufe masa ido. Ya auna inda ya tabbata ƙirji yake. Yana jan kunama bakin doguwar ya sarƙe da reshe, harbin ya kauce.

Abin da ya harba bai mutu ba. Ƙarar da ta biyo baya ita ke tashinsa daga barci har yau, da jinin da ya gani a kan ganye. Tun ranar naman hirwi bai sake wuce maƙogwaronsa ba. Duk da haka, in mutane suka tambaye shi, sai ya ce bindigar ce ta yi tsawo. Ya san ƙarya ce, amma ƙaryar ta fi gaskiyar sauƙin faɗa.

"Yaya ka ji ta?" in ji Rauno.

"Ba ta kama reshe?"

"Wannan? Ko cikin ƙaya ka shiga da ita, inda ka nuna nan take zuwa. Ba ta san kuskure ba."

Ilmari ya sauke ta daga kafaɗa. Ya ajiye ta a kan kanta kusa da tsohuwar, ya cire hularsa yana murzawa.

"Rauno, ba bindigar ba ce. Ni ne. Ban ga komai ba na harba."

Rauno ya kurɓi gahawarsa a hankali, kamar ba shi ake wa magana ba.

"Shekara guda nake jira ka buɗe wannan bakin naka, ɗan banza," ya ce. "Har na fara tunanin shi ma reshe ya kama. Asabar ka zo, zan gaya wa shugaba. Ni ma zan fita, ai kira da baki ake yi. Kuma bana ko zafi zai kashe ni ba zan cire jar hulata ba, don a san mutum ne ba hirwi ba."

Idanun Ilmari suka kawo ruwa. Ya miƙa hannu zai ɗauki sabuwar, Rauno ya riga shi, ya janye ta ya sa ƙarƙashin kanta, sannan ya turo masa tsohuwar. Rigar ta zame daga kafaɗarsa ta dama, dungu ya bayyana, bai damu ya gyara ba.

"A'a, mutumina, koma da doguwarka. Da gajerar nan ce a hannunka bara, da ba hannuna kaɗai aka binne ba."