Munduwar Tasalla

Tun da aka kawo munduwar awo, kowane jariri a Tsamiyar Kwari da ita yake yawo a damtse. Idan marka ta kankama, rumbuna suka yi ƙasa, duk wanda tasa ta nuna ja saboda rama, farar mota ce za ta tafi da shi birni, sai kaka.

Ranar awo Gwaggo Lantana ta tare Sahura a zaure. "Ke 'yar boko, cusa tsumma ƙarƙashin munduwar 'yarki mana, hannun ya cika."

"Gwaggo, da tsumma yana ƙosarwa, da jikanki yana gida."

Tun kaka Sahura take shanya zogale, tana adana ƙuli-ƙuli a tulu. Da suka tasam ma ƙarewa, ta haɗa wa 'yarta Tasalla da nata rabon tuwon.

Malamin awo ya ɗaga hannun Tasalla. Kore shar! Sai idonsa ya sauka kan awarwaron uwar, wanda ya zame har ya wuce gwiwar hannu.

"Baiwar Allah, ke fa?"

"Ni aka ce ka auna?"

Ta gyara goyonta, ta wuce gidaje biyar, kowanne da majanyi a kan igiya, wankakke, babu wanda za a goya.