Ƙuri'ar Da Ta Lalace

"Ashirin, ashirin," in ji Magatakarda. "Ɗaya ta lalace."

A ɗakin da 'yan majalisar jam'iyya ke zaɓen sabon jagora ya faɗi haka. In an yi kunnen doki, wanda ya fi daɗewa a majalisa ke ɗauka. Haka Dattijo, mai gyangyaɗi a kowane zama, ya gaji kujerar marigayi Jagora, abokin takararsa Mataimaki na zaune yana kallo.

Wai shi za a yi wa haka? Shekara goma sha biyu yana riƙe wa marigayi jaka. Bayan rasuwar, matar marigayi da kanta ta damƙa masa alƙalamin mijinta mai koriyar tawada, wanda kowa a majalisa ya sani, ta ce, "Ɗana, kai ya so." Tun daga ranar alƙalamin bai bar aljihunsa ba, komai zai rubuta da shi ne.

Mutum ashirin da ɗaya ya ƙirga za su zaɓe shi, har da kansa. Kuma ya toshe kowace kafa, don shi ya kawo dokar soke duk ƙuri'ar da za a iya gane mai ita, kada wani ya sayar da kansa ya bar wa mai saye shaida.

To, wa ya ci amana? Da ɗan gari akan ci gari. Ransa ya tsaya a kan Bulaliya, mai haɗa kan 'yan majalisar, amininsa tun suna samari, wanda ya fito daga rumfar zaɓe bai dube shi ba.

"Yaya, wallahi kai na zaɓa," in ji Bulaliya a bakin matakala.

Mataimaki ya wuce kamar bango ne ya yi magana.

Shi kaɗai ya san cewa takardar makarantar da Bulaliya ya shiga takara da ita ta wan Bulaliyan ce da ya rasu. Ya zauna ya rubuta wa kwamitin ladabtarwa shafi biyu, koriyar tawada na sheƙi. Cikin mako biyu Bulaliya ya rasa kujerarsa. A na uku ya yanke jiki ya faɗi a gaban 'ya'yansa, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace.

Duk da haka zuciyar Mataimaki ba ta yi sanyi ba. So yake ya ga cin amanar da idonsa. Ya matsa har aka ba shi izinin duba ƙuri'ar.

Magatakarda ya riƙe ambulan. "Ranka ya daɗe, da ka bar ta."

"Buɗe."

Ya buɗe, ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya kawar da kai. Babu zane, babu rubutu. Alama ɗaya ce tak, a gaban sunan Mataimaki, an danna ta da ƙarfi irin na mai tabbacin nasara, da koriyar tawada.