Minti Goma Sha Ɗaya a Ranar Asabar

Sau uku Nas ta danna lambar sirrinta ranar Litinin da safe, sau uku kwamfutar hannun tana ce mata an rufe. Kafin ta gwada na huɗu aka aiko wai shugaban asibiti yana nemanta gobe ƙarfe tara, kuma ta zo da kwamfutar.

Ga yadda abin yake. Ƙananan asibitocin unguwanni da ɗakin gwaji da kantin magani duk an haɗa su a manhaja ɗaya. Kowane mara lafiya da lambarsa a kati, sunansa kuwa a ɓoye yake sai ga mai duba shi. Duk wanda ya buɗe fayil, manhajar tana rubuta shi, har da rana da minti. To ranar Asabar, biyu da kwata na rana, an buɗe fayil mai lamba 3058 da lambar sirrin Nas. Ba ma na asibitinsu ba ne, na asibitin ƙetaren gada ne. Hukuncin kuwa kowa ya sani, kora ce.

Ita fa ƙarfe biyun Asabar tana tsakar gida tana wanki, kumfa har gwiwar hannu. Kwamfutar na kan firij tana caji. Lambar sirrin kuma, tun da aka ce a riƙa canza ta duk wata, sai ta gaji da mantuwa, ta rubuta a 'yar takarda ta cusa cikin rigar kwamfutar. Duk ma'aikatan haka suke yi, nata ne dai ya fito fili.

Ta zauna ta lissafa mutanen gidan. Tagwayenta shekararsu huɗu, ko harafi ba su sani ba. Ummarta, tsohuwar malamar lissafi, tana ɗaki a kwance, kwanan nan ba ta da aiki sai kwanciya. Saura mutum ɗaya, mijinta.

Yana shigowa da yamma ta tare shi tun bai cire takalmi ba. Da farko dariya ya yi, wai shi da lambar wayarsa ma sai ya duba. Da ta ce wace ce wannan da ciwonta ya dame shi haka, sai dariyar ta ɗauke. Ya juya ya fita, ko ruwa bai sha ba.

"Ki bar bawan Allahn nan haka," in ji Umma daga bakin ƙofa, tana gyara ɗaurin zanin da yanzu yake zagaye ta sau biyu. Can kuma ta tambaya wai don an leƙa kawai sai a kori mutum? Nas ta ce eh mana, sirrin mutane ne, ba tallan kasuwa ba. Umma ta koma ɗaki.

Da safe Umma ta dage sai ta raka ta. Dama Talata ce ranar da take zuwa ƙetaren gada gai da ƙanwarta, ta ce in an gama sai ta wuce. A mota wayarta ta hau kukan zakaran nan da jikoki suka sa mata, wanda aka rasa mai iya rage shi. Nas ta ce don Allah Umma, yau ɗaya dai. Umma ta kashe kiran.

Nas ta bar ta a bencin ƙofar ofis ta shiga.

Shugaba bai yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata ta ke nan. Ya juyo mata da allon. Minti goma sha ɗaya aka yi, kuma a shafi ɗaya tak, sakamakon gwajin ciwon daji. Ranar Juma'a ya fito, likita ma bai gaya wa mai shi ba, sai yau aka sa masa ya je. Lambar fayil ɗin kuma sau ɗaya aka danna ta, ba lalube, ba kuskure.

"Wanda ya yi wannan da katin a hannunsa," in ji shi.

Ta rantse ba ita ba ce. Ya ce bai ƙaryata ta ba, amma manhajar ita ta sani. Doka ta ce a sanar da mai fayil an leƙa masa sirri. In ya yafe, gargaɗi ne, in ya kai ƙara, shi ke nan.

Nas ta ƙura wa lambar fayil ɗin ido. Shekara tara tana aikin nan, yau ga shi a bakin wani da ba ta taɓa gani ba, wanda kuma yau ɗin zai ji labarin da ya fi nata muni.

"Kada ki ce uffan," in ji shugaba. Ya kwafi lambar wayar daga fayil ɗin, ya danna, ya ajiye a kan tebur.

A bayan ƙofa, daidai wurin bencin, zakara ya fara cara.